Daren da Rana Ta Kama Wata a Hamdara

Bayan rasuwar mahaifiyarmu da 'yan watanni aka haifi ɗiyar yayata, sai aka mayar mata da sunan tsohuwar. Shi ya sa babu wanda ya taɓa kiran ta da sunanta na yanka a gidanmu. Ni da yayata Uwata muke ce mata. Ita kuwa ta ɗauki abin da gaske, tun bakinta bai gama buɗewa ba take yi mini faɗa in na dawo daga kasuwa na hau tabarma ban wanke ƙafa ba. Ni tana ce mini Kawu, uwarta kuma Yaya, don haka ta ji ina kiran ta.

Gidanmu yana cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, a wani lungu mai rairayi wanda jaki da kaya ba ya shiga sai an sauke masa. Asalinmu Barebari ne, fataucin fata ya kawo kakanmu daga Barno. A lokacin da abin nan ya faru mahaifinmu ma ya riga ya rasu, ni ne namijin gidan, saurayi ban yi aure ba, ina yawon ƙauyuka ina sayen kirgi ina kai wa majema.

Uban yarinyar Nasara ne, wato Bature, hafsan soja. Yayata bazawara ce a lokacin, tana kai ƙwai da man shanu bariki tana sayarwa. Yadda aka yi ta koma zama a gidansa ba abin da nake son tonawa ba ne. A zamanin, in mai bindiga ya nuna abu da yatsa, ba a tsayawa a tambayi abin ra'ayinsa. Ta yi 'yan shekaru a can, sannan aka ɗauke shi zuwa wata ƙasa tana da ƙaramin ciki. Ya bar mata gadon ƙarfe da madubi. Bai taɓa ganin yarinyar ba, bai kuma taɓa aiko da ko gaisuwa ba.

Ranar suna gidanmu ya cika maƙil, har matan da ba sa ga maciji da mu sun zo. Ba barka ta kawo su ba, kallo suka zo yi. Kowace ta ɗaga zane ta leƙa, ta ce tubarkalla, ta fita tana taɓa 'yar'uwarta. Jaririyar fara ce sol, gashinta kamar gemun masara, idanunta irin na mage. Sai dai ba ta ba su damar ƙin ta ba. Kafin ta shekara uku ta saye unguwar kaf da surutu. Mai ƙosan bakin lungunmu, wadda ta fi kowa tsegumi ranar suna, ita ce ta koma ɓoye mata na ƙarshen kasko a ƙarƙashin faifai.

Tana cikin shekara ta shida wani gardi ya yi sallama a zaurenmu. Gardi su ne 'yan sandan Nasara, baƙar fata irinmu, masu jar hula. Wannan na san shi sarai. Shi ne yaron hafsan nan a da, shi ke ɗebo wa yayata ruwa, kuma ya sha cin tuwon hannunta. Na shimfiɗa masa buzu ya ƙi zama, ya tsaya yana murza bulalarsa.

Ya ce, "Kumandan ya ba da oda. Duk 'ya'yan Nasara da ke garin nan za a tattara su a kai su lakkol, makarantar Nasara, can yamma, ƙasar Bambara. An ce marayu ne, gwamnati za ta riƙe su."

Na ce, "Marayu? Ga uwarta can cikin gida tana daka, ai kana jin ta."

"Ni dai abin da aka ce in faɗa ke nan. Bayan kasuwar Alhamis zan dawo in tafi da ita. Bayan Alhamis, ka ji ko?"

Yana faɗa yana kallon ƙasa. Na gane abin da yake nufi da maimaitawar.

Har yau in na tuna kalmar nan ta marayu raina ɓaci yake yi. Mutumin da bai taɓa tambayar ko an haife ta da rai ba, wai danginsa ne suka tuna cewa jininsu ce, bai kamata ta tashi tana cin tuwon gero da mu ba. Kuma mun san abin da tafiyar take nufi. Shekarar da ta gabata an ɗauki wani yaro irinta daga unguwar Zango, uwarsa ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

A daren muka aske mata kai ƙwal. Yayata ta kwaɓa shuni da baƙin tukunya da man gyaɗa, ta mulke ta da shi tun daga goshi har yatsun ƙafa. Uwata tana ta dariya, ta ɗauka wasa ne, ta kara hannunta da nawa ta ce yanzu ta zama ɗiyar Kawu. Da asuba na ɗora ta a kan jaki tsakanin ƙullin fatu, yayata tana biye, muka yi gabas. Muka kwana a Mirya, washegari muka isa Hamdara wurin gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu da ke auren wani manomi a can.

Kafin in juyo muka yi shawarar abin da za a gaya wa gardi. Babu maganar da za ta sa Nasara su daina nema sai a ce ta mutu. Yayata ta ce ita bakinta ba zai iya ba.

"In ni na faɗa, tsoro nake ji ya kama ta. Kai ka faɗa. Kai kawu ne, Allah ya san abin da ke ranka."

Ni na faɗa. Da gardin ya dawo na tare shi a zaure na ce masa ƙyanda ta tafi da ita, uwar kuma ta kasa zaman gidan ta tafi wurin dangi wajen Gure. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce Allah ya sa mai ceto ce, ya juya. Ranar ban iya cin abinci ba.

Damina guda cur Uwata ta yi a wata 'yar bukka bayan rumbunan gwaggo. Mutanen garin duk sun sani, kuma sun riƙe amana, ban taɓa jin wanda ya fasa maganar ba. Amma hanya ta ratsa garin, fatake da 'yan aike da masu neman shiga wurin Nasara suna wucewa kullum. Saboda haka da rana ba ta leƙa ko ƙofar bukkar. Sai dare mai duhu ake fito da ita tsakar gida ta miƙe ƙafa. In akwai farin wata kuwa ko tsakar gidan ba a yarda ba, don dangar kara ce, ana hango mutum daga waje. Kuma a farin wata ne yaran gari ke fita dandali suna gaɗa. Tana kwance tana jin su, har ta haddace waƙoƙinsu duka ba ta taɓa ganin fuskar masu yin su ba.

Duk zuwan da na yi sai in tarar ta ƙara ramewa, surutun ya ragu. Faɗan ƙafar ma ta daina yi mini, shi ne abin da ya fi damu na. Shunin kuma ba ya zama, zufa ke wanke shi, ga shi ya fara tayar mata da ƙuraje, dole yayata ta rage shafa mata. Gashin ya sake tsirowa, yayata ta kasa sake sa masa aska.

Da kaka ta yi, an gama yankan gero ana ɗaure dammuna, na zo musu da gishiri da dabino. Tun daga bakin gari na hango dawakai biyu a ƙofar mai gari. Gardi ne biyu suka zo karɓar hatsin bariki, kuma a garin za su kwana. Ɗayansu mutumin nan ne da na yi wa ƙarya a zaurenmu. Ɗayan baƙo ne, Hausar ma ba ta ishe shi ba, kuma shi ne babba, mai igiyar muƙami a hannun riga. Na bi ta bayan gari na shiga gidan gwaggo. Na so mu bar garin a daren, amma watan ya cika, hanya fes kamar rana. Muka ce a lafe kawai har su tafi.

Bayan lisha muna zaune a tsakar gida ni da mijin gwaggo muna ɓare gyaɗa, sai karnukan garin suka ɗauki haushi gaba ɗaya. Mijin gwaggo ya ɗaga kai ya ce, "Kai, dubi watan can." Gefensa ɗaya ya gutsure, kamar yaro ya ciji waina ya ajiye. Muna kallo gutsuren yana ƙaruwa. Can wata mata ta ƙwala kira daga wani gida cewa rana ta kama wata, nan take garin ya ɗauka.

Abin da muka taso muka tarar shi ne, wata ne ke ɓata hanya ya bi ta rana, ita kuwa ta cafke shi, kuma ba ta sakinsa sai mutanen duniya sun yi ta hayaniya suna ba ta haƙuri. Malamai ba su yarda da wannan ba, su salla suke yi, mijin gwaggo ma buta ya ɗauka ya nufi masallaci. Amma mata da yara da samari irina, duk abin da zai yi ƙara shi muke rarumowa. Aka kifa ƙore a cikin ruwa ana bugu da ludayi, aka mirgino turame ana lugude babu hatsi a ciki, samari suna gwara bakin fartanya da na gatari. Kowa ya nufi dandali, tsofaffin da ba sa fita ma an riƙo su an fito da su.

Na shiga bukkar na tarar da Uwata ta ƙanƙame uwarta.

"Kawu, yaƙi ne?"

Na ce mata ba yaƙi ba ne, wata ne rana ta kama, mutane suna roƙon ta ta sake shi.

"Ina son in gani."

Gwaggo ta leƙo da ƙwarya a hannu ta ce, "A garin nan fa ba a barin rai a ɗaki in an kama wata. Ko jinjiri goya shi ake a fita da shi." Ta faɗa ta wuce, ba ta matsa ba.

Yayata ta fito bakin bukkar ta tsaya. A lokacin saura ɗan siriri ya rage na watan, duhu yana saukowa, taurarin da ba a gani in wata ya cika duk sun fito. Ta ɗaga tafin hannunta ta duba, ta juyo ta dube ni.

"Ko fuskarka ba na ganewa. Wata nawa yarinyar nan ba ta ga farin wata ba? Bari ta gani. Kafin ya washe mu dawo da ita."

Na yarda. Ko yau aka mayar da ni daren nan ban ga yadda zan yi in ce a'a ba. Akwai waɗanda suka riƙa cewa daga baya wai gangancin uwar ne, galibinsu matan Birni da suke kwance a ɗakunansu ranar. Ba su ji muryar da yarinyar ta yi roƙon da ita ba, kuma ba su taɓa kulle nasu ɗan ko yini ɗaya ba.

Yayata ta lulluɓa mata wani tsohon baƙin zanen gwaggo har ka, ta ba ta 'yar ƙwarya da guntun kara. Na ɗora ta a wuyana muka fita. Muna isa dandali ɗan hasken da ya rage ya mutu. Na zaci watan zai ɓace ne, amma yana nan a rataye, sai dai ya rine ya zama ja mai duhu kamar garwashin da ya fara yin toka. Ya kuma fito a dunƙule, ba a shimfiɗe kamar faifai yadda muka saba ganinsa ba, har kana jin in ka miƙa hannu za ka tsinko shi. Mutane suka ƙara ƙarfin bugu, wasu mata suna kuka, daga masallaci ana jin liman yana ta jan sura.

Uwata ta riƙe kunnuwana ta sunkuyo.

"Kawu, me ya sa ya yi ja?"

"Rana ce ta shaƙe shi."

"Jini ne?"

"Wataƙila."

"Yana jin ciwo?"

"Yana ji. Amma in muka buga da ƙarfi za ta sake shi."

"Lallai za ta sake shi?"

"Kullum ana saki, Uwata."

Iyakar amsar da nake da ita ke nan. Shekaru da yawa bayan haka, ɗana da ya zama mushen lakkol, wato malamin makaranta, ya zaunar da ni, ya kawo fitila da duma da ƙwallon goruba ya nuna mini. Ya ce babu wanda ya kama wani. Duniya ce ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi, kuma ko an buga ko ba a buga ba inuwar wucewa take yi. Jan kuwa, ya ce, hasken rana ne da ke ratsa iskar da ta lulluɓe duniya ta gefe-gefe. Iskar ta tace shi, sauran launukan su watse, ja kaɗai ke tsira ya lanƙwaso ya faɗa kan watan. Irin jan nan da muke gani in rana za ta fito da in za ta faɗi, na ko'ina a duniya a lokaci ɗaya, shi ne ke haska shi. Na ji daɗin bayanin. Ya fi nawa kyau, babu jini a ciki, babu ciwo. Shi na so a ce ina da shi a daren na ba ta.

Ta zame daga wuyana ta sauka. Ta fara buga 'yar ƙwaryarta a tsaye kusa da ƙafata, da dukan ƙarfinta, tana cije leɓe. Yaran garin suna kewaye suna waƙa suna tafi. Sun san ko wace ce, duk da ba su taɓa ganin ta ba, sai wata yarinya ta miƙo hannu ta jawo ta cikinsu. Da suka ɗauki waƙa ta amsa babu kuskure, suka yi mamaki, suka sauya wata, ita ma ta amsa. Na waiga na hango yayata a bakin turmi da wasu mata biyu suna lugude, tana cilla taɓarya sama tana tafawa tana cafewa, tana dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin mu bar Birni. Ni ma na karɓi fartanya a hannun wani na shiga bugu.

Jan nan ya daɗe, ya daɗe har muka saki jiki da duhun. Mun ce za mu mayar da ita kafin ya washe, amma babu ɗayanmu da ya san yadda yake washewa. Ni na ɗauka jan zai riƙa dusashewa ne a hankali ya ba mu lokaci. Sai kawai wani fari mai kaifi ya ɓullo a gefen watan. Wani ya ce ta sake shi, mata suka rangaɗa guɗa, bugun ya ninku. Duk garin kai yana sama, har da ni, har da yayata. Muna ta bugu muna kallon farin yana faɗi, muna murna kamar mu ne muka haife shi.

Da na sauke idona dandalin ya haskaka, ana gane kowa. Uwata tana tsakiyar yara tana tsalle, zanen ya daɗe da faɗuwa ana tattaka shi. Zufa ta wanke sauran shunin da ke fuskarta, gashin nan nata yana ƙyalli. Ta hango ni ta ɗaga ƙwaryarta.

"Kawu, mun ƙwato shi!"

A gindin wata tsamiya da ke bakin dandalin gardin nan biyu suna tsaye. Namu, wanda muka sani, yana riƙe da kwanonsa na soja da cokali, ashe shi ma bugun yake yi. Babban ya ɗaga bulala ya nuna ta, ya ce masa wani abu. Yayata ta yar da taɓarya ta ruga ta rufe ta da jikinta, amma an riga an gani.

Na je wurin namu na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa gardi ba. Ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya.

"Me ya sa kuka fito da ita? Tun ranar na san ba ta mutu ba, kuma na kai wa kumandan yadda ka gaya mini. Da ni kaɗai ne, wallahi ban ga komai ba. Yanzu wannan ya gani, ni ma wuyana yana ciki."

Babban ya so ya tafi da ita a daren. Namu ne ya lallashe shi ya bari sai safe. Amma ya kira mai gari ya gaya masa a gaban jama'a, in gari ya waye babu yarinyar, shi da mijin gwaggo za a ɗaura wa igiya a kai su Damagaram. Da muka koma gida na ce wa yayata mu bi ta cikin karan dawa mu yi kudu, mu ƙetara ƙasar Ingilishi kamar yadda wasu ke yi. Muna cikin maganar mai gari ya yi sallama. Tsoho ne tukuf. Ya tsuguna a ƙofar gida bai ce mu tsaya ba, bai ce mu tafi ba, ya ce kawai mu dube shi. Yayata ta dube shi ta ce mutanen nan sun rufa mana asiri damina guda, ba da igiya za mu saka musu ba.

Ta hura wuta ta ɗumama ruwa. Ta tsayar da Uwata a bayan rumbu ta wanke ta da sabulun salo, ta cuɗe sauran shunin da ya maƙale a bayan kunne da tsakanin yatsu. Yarinyar tana gyangyaɗi, tana ba ta labarin wadda ta jawo ta cikin gaɗa. Yayata ta kama ɗan gashin ta yi masa kitso yadda ya samu, ta cire murjanin wuyanta ta ɗaura mata. Gwaggo ta ce ta bari haka ta kwanta.

Yayata ta ce, "Ba za su ce a bola suka tsince ta ba. Su gani tana da uwa."

Da safe aka gaya wa Uwata gida za a koma, ta yi ta murna. Gardin namu ya ɗora ta a gabansa kan doki, mu muna biye a ƙasa. Duk tsawon hanyar tana nuna mana abubuwa, raƙuma, kukoki, mata masu roron gyaɗa, ta daɗe ba ta ga rana ba komai sabo ne a wurinta. Yayata tana amsa mata, ni kuwa na kasa ɗaga kai. Da muka iso Damagaram washegari ta ga ba lungunmu aka nufa ba, an bi ta gindin duwatsu zuwa bariki, sai ta daina nuna mana abubuwa.

A ƙofar bariki wani tafinta ya fito ya sauke ta ya kama hannunta. Soja ya gitta mana bindiga. A nan ta gane. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba, ta waigo ne kawai tana tirjewa.

"Yaya, ku buga mini ƙwarya. In kun buga da ƙarfi za su sake ni. Kawu ya ce kullum ana saki."

Aka shige da ita aka rufe ƙofar.

Yayata ba ta bi ni gida ba. Ta roƙi wata mai fura ƙwarya, ta nemi gindin katangar barikin ta zauna, ta kifa ta a kan rairayi ta fara bugu da guntun ice. Da farko sojoji dariya suka yi mata. Da abin ya ishe su suka kore ta, ta zagaya ɗaya gefen katangar ta ci gaba. Da dare in je in jawo ta gida da ƙyar, da asuba in tarar ta riga ta fita. Birni ta ɗauka cewa ta haukace. Ni kaina na fara tsorata, wata rana na kai mata ruwa na ce, "Yaya, kin san fa wannan ba zai buɗe ƙofar nan ba."

Ba ta daina bugun ba ta ce, "Na sani. So nake ta ji ba mu tafi ba."

Wata safiya ina wurin majema gardin nan ya zo ya same ni. Ya ce tun kafin asuba ayari ya tashi ta hanyar yamma, da ita da wasu yara biyu a kan raƙumi. Ya ce ya gan ta, lafiyarta lau, murjanin yana wuyanta. Wannan shi ne labarinta na ƙarshe da ya taɓa iso mu, har yayata ta koma ga Allah, har yau da nake tsoho.

Na wanke hannuna na tafi gindin katangar. Tun daga nesa nake jin bugun. Tana zaune a rana, ƙwaryar ta tsage ta gefe ɗaya, hannunta ya yi kanta. Ta ɗago ta dube ni. Sai na tsinci wani guntun ice na zauna kusa da ita, na shiga buga ɗaya gefen ƙwaryar. Ta ɗan matsa ta ba ni wuri. Sai da aka kira magariba na gaya mata.